Gwamna na da mawaƙi, ɗan bindiga ma na da shi: Wa zai yi wa manomin Mafara waƙa?

Ranar Talata, idan kasuwar Talata Mafara ta cika ta batse, akwai rumfar da ba ta rabo da samari: ta mai cajin waya da tura waƙoƙi. Saurayi zai miƙa wayarsa ko memori ya ce a cika masa. Abin da ake cika masa da shi kuwa sananne ne. Akwai waƙoƙin soyayya na Kannywood, akwai ƙasidun bege, akwai wa'azi, akwai Shata da Ɗanƙwairo ga mai sha'awar na da. Sai kuma waƙoƙin 'yan siyasa, waɗanda ba sa ƙarewa ko da an gama zaɓe an naɗe tabarma.

A 2021 wani baƙon kaya ya shigo cikin wannan hajar. Wata waƙa ce ta yabon Bello Turji, ɗaya daga cikin manyan 'yan bindigar da suka hana Zamfara da gabashin Sakkwato barci. Ta karaɗe wayoyi, an yi ta Allah-wadai da ita a rediyo da Facebook, amma an saurare ta, har wasu suka haddace.

Ke nan gwamna yana da mawaƙinsa, sanata yana da nasa, ɗan bindigar da ke cikin daji ma ya samu. Wanda har yanzu yake neman mawaƙi ruwa a jallo shi ne manomin da sai ya biya haraji kafin a bar shi ya girbe geron da ya shuka da hannunsa, da uwar da ta sayar da akuyoyinta da kayan ɗakinta ta haɗa kuɗin fansa.

Ba wai ba a yi waƙoƙi kan halin da Zamfara take ciki ba. An yi, kuma wasu sun sa mutane hawaye. Sai dai mafi yawansu addu'a ce da jaje da kiran a zauna lafiya. Addu'a abu ne mai kyau, amma waƙar da ta tsaya a nan ba ta tambayi kowa komai ba. Ba ta ce ina kuɗin tsaro suka tafi ba. Ba ta ce wa ke sayen zinaren da ake haƙowa a dajin da sojoji ma ke shiga da shiri ba. Irin waƙar da ke yin waɗannan tambayoyi a wasu ƙasashe ita ce wadda Hausawa suka laƙaba wa suna gambarar zamani, wato hip-hop. Kuma lokaci ya yi da manyan yankin nan za su daina yi mata kallon shirmen yara masu zazzago wando.

Ƙasar waƙa, amma kowace da ubangidanta

Idan ana maganar waƙar Hausa, wannan yanki ba ɗan rakiya ba ne. A Ɗankadu ta ƙasar Bakura aka haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, kuma da Maradun ake yi masa laƙabi har ya rasu a 1991. Sa'idu Faru, wanda ake kira Malamin Waƙa, mutumin Faru ne ta ƙasar Maradun, kuma babban ubangidansa shi ne Muhammadu Macciɗo, wanda ya yi Sarkin Kudu a Talata Mafara shekaru da dama kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Har gobe ɗaliban jami'a suna samun digiri da nazarin baitocin waɗannan mutane.

Amma a duba yadda sana'ar take. Makaɗin fada yana da ubangida. Ubangida ke ba shi doki da riga da hatsi, shi kuma ya biya da yabo. Yana da zambo, yana da habaici, kuma kowa ya san zafinsu, sai dai kibiyar ba ta taɓa juyowa gida. Ɗan sarkin da ke hamayya da ubangida take nema, ko hakimin da ya yi rowa. Wannan ba laifin Ɗanƙwairo ba ne, ba kuma na Sa'idu Faru ba. Haka tsarin yake, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Har ita waƙar Turji ba daga sama ta faɗo ba. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta da ɓarayi kiɗa, Gambu kuma da waƙar ɓarayi ya yi suna. Duk mai abin bayarwa yana samun mai wasa shi, ko ta wace hanya ya samo abin.

Da mulki ya bar fada ya koma gidan gwamnati, sai mawaƙa suka bi shi can. Piyano ta maye gurbin kotso, mota ta maye gurbin doki, sauran duk yana nan yadda yake. A nan ma yankin Mafara ya fi kowa sanin labarin. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 20 cikin 24, kujerar gwamnan Zamfara tana hannun waɗannan ƙananan hukumomi uku ne: Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi takwas, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara ya yi takwas, Bello Matawalle na Maradun ya yi huɗu. Kowannensu an yi masa waƙoƙin da ba sa ƙirguwa.

A cikin waɗannan shekarun ne aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe a daren 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashi ɗalibai, aka sako 279 bayan kwana huɗu. A watan Agustan shekarar aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya da ke Maradun. Bayan kwana biyu aka ba da umarnin katse layukan waya a duk jihar, ga kasuwannin mako-mako an rufe. Makarantu uku, ƙananan hukumomi uku, cikin wata bakwai. Mai karatu ya gwada tuna waƙoƙi nawa ya ji a kan waɗannan ranaku, sannan ya kwatanta da waɗanda ya ji a kan zaɓen 2023.

Bakolori

Akwai misalin da ya girmi wannan, wanda ke nuna abin da ke faruwa idan abu ya auku babu mai rera shi.

Tsakanin 1974 da 1978 wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, don a yi noman rani a filayen Maradun da Talata Mafara da Bakura. Ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka tashi dubban mutane. Manoma suka yi ta jiran diyya, wasu an hana su shuka damina bayan damina ana gyaran fili. Da haƙuri ya ƙare sai suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. Ranar 28 ga Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka ƙona gidaje. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ashirin da 'yan kai ne. Masu bincike da 'yan adawa suka ce sun haura 380.

Malaman jami'a sun yi rubutu a kai, da Turanci, kuma rubutun yana nan a ɗakunan karatu na Zariya da Turai. Amma saurayin da yau yake sayar da kifin Bakolori a bakin titi zai iya rera waƙar ɗan takara tun daga farko har ƙarshe, alhali da wuya ya faɗi ranar da aka harbe kakanninsa. Bahaushe ba a takarda yake ajiye tarihinsa ba, a waƙa yake ajiye shi. Shi ya sa ake tuna sarakunan da Narambaɗa ya wasa, aka manta da waɗanda suka fi su mulki amma ba su samu makaɗi ba. A 1980 manyan makaɗa suna raye, muryarsu na kai wa ko'ina, sai dai babu wanda manomin Bakolori yake ubangidansa.

Abin da gambara ta zo da shi

Hip-hop ta taso ne a unguwar Bronx ta birnin New York a farkon shekarun 1970, cikin 'ya'yan baƙaƙen fata da baƙin haure da gwamnati ta juya wa baya. Abin da ya bambanta ta da sauran kiɗa shi ne arha. Ba ta buƙatar 'yan amshi goma, ba ta buƙatar gado, ba ta buƙatar muryar zinare. Magana ce a kan kari. Yau da waya ɗaya da abin sawa a kunne yaro zai ɗauki waƙa a ɗakin uwarsa, ya tura ta WhatsApp kafin la'asar. Wanda bai ci ladan kowa ba kuwa babu askin da ke kansa.

Sunan da Hausawa suka ba ta ma ya nuna sun gane ta tun ganin farko. 'Yan gambara su ne masu yawo kasuwa-kasuwa da zance mai kari, da ba'a, da faɗin abin da wani ba zai iya faɗa ba a bainar jama'a.

Kano ta riga ta gwada, kuma ta nuna abin da ke biyo baya. Daga 2007, lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta jihar ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta matsa wa 'yan fim da mawaƙa da marubuta, an ɗaure Adam A. Zango, an rufe situdiyoyi. Cikin waɗanda suka mayar da martani akwai wani matashin mawaƙin gambara, Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, da waƙarsa "Girgiza Kai". A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta saurare da yaɗa waƙoƙi 11, har da ita. A shekarar ce kuma aka kama Aminu Ala kan waƙar "Hasbunallahu", wadda addu'a ce tsantsa. Haramcin bai hana komai ba. Waƙoƙin sun ci gaba da tsallakawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth, mutanen da ba su taɓa jin su ba ma sai suka shiga nema. Amma Ziriums sai da ya bar Kano ya koma Abuja.

Eedris Abdulkareem, wanda haifaffen Kano ne, ya fusata Shugaba Obasanjo da "Jaga Jaga" a 2004. Bayan shekara 21, a Afrilun 2025, hukumar NBC ta hana gidajen rediyo da talabijin sanya wata sabuwar waƙarsa da ta taɓo gwamnatin Tinubu. Hukuma ba ta ɓata lokacinta kan abin da ba ya yi mata ciwo.

Darasi daga Kolombiya

Ƙasar da ta fi dacewa mutumin Zamfara ya duba tana can nesa a Kudancin Amurka. Kolombiya ta shafe fiye da shekara hamsin tana fama da 'yan tawaye da 'yan banga masu ɗauke da makamai da dillalan hodar ibilis. Hukumar gano gaskiya ta ƙasar, a rahotonta na 2022, ta ƙiyasta an kashe mutum sama da 450,000 tsakanin 1985 da 2018, an kuma yi garkuwa da fiye da 50,000. Akwai harajin dole a kan manoma da 'yan kasuwa, akwai haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba da ke ciyar da masu bindiga, akwai ƙauyukan da suka watse mutanensu suka tare a gefen birane. Duk wanda ya san hanyar Mafara zuwa Anka ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

A birnin Medelin akwai wata unguwar talakawa a kan tsauni da ake kira Comuna 13. A watan Oktoban 2002 sojoji da 'yan sanda suka shige ta da motocin yaƙi da jirage masu saukar ungulu don fatattakar 'yan tawaye. An fatattake su, amma 'yan banga suka maye gurbinsu, mutane suka riƙa ɓacewa. Mazauna unguwar suka ce ana binne su ne a wani juji da ake zubar da ɓaraguzan gini a saman tsaunin. Hukumomi suka yi kunnen uwar shegu.

Samarin unguwar ba su da jarida, ba su da lauya, ba su da ɗan majalisa. Suna da gambara da fenti. Suka haɗa kansu ƙungiya, suka riƙa shirya wasa a fili, daga 2004 kuma suka fara wani biki na shekara-shekara da sunansa ke nufin juyin juya hali ba tare da gawa ba. Suka buɗe ajujuwa suna koya wa ƙannensu rubuta baiti da rawa da zane a bango, domin yaron da ke aji da yamma ba ya bakin lungu inda masu bindiga ke ɗaukar sababbin yara. A waƙoƙinsu suna kiran sunayen lunguna, da ranaku, da mutanen da aka ɗauka ba su dawo ba.

Abin bai zo musu da sauƙi ba. A watan Agustan 2009 aka harbe ɗaya daga cikin jagororinsu, Héctor Pacheco, wanda ake kira Kolacho. A 2012 aka kashe wani, Elider Varela, mai laƙabin El Duke. Tsakanin waɗannan shekaru mawaƙan gambara kusan goma aka kashe a unguwar. Abokan Kolacho suka buɗe gidan koyar da fasaha da sunansa, Casa Kolacho, wanda yake aiki har yau. Unguwar da a da ɗan tasi ba ya yarda ya shiga ta zama wurin da baƙi daga ƙasashen duniya ke tururuwa, kuma yaran unguwar ne ke zagayawa da su suna ba su labarin 2002 da bakinsu.

A watan Disamban 2024, shekara 22 bayan shigar sojoji, masu bincike suka tono ƙasusuwan mutane a wancan juji. Matasa suka rubuta a wani babban bango cewa iyaye mata sun yi gaskiya. Hukumar birnin ta sa aka shafe da fenti. Suka sake rubutawa, rubutun ya bazu zuwa Bogota da sauran birane.

Kada a ɗauka waƙa ce ta kawo ƙarshen yaƙin Kolombiya. Sulhun 2016 da 'yan tawayen FARC a teburin tattaunawa aka yi shi, kuma har yanzu ana kashe-kashe a wasu sassan ƙasar. Abin da samarin Comuna 13 suka yi ya fi wannan ƙanƙanta, amma shi ne daidai abin da Bakolori ta rasa: sun hana a manta, har ranar da aka zo aka tona.

A nan kusa ma an ga irinsa. A Senegal mawaƙan gambara na ƙungiyar Keur Gui da wasu 'yan jarida ne suka kafa Y'en a Marre a 2011, suka bi unguwa-unguwa suna sa matasa yankar katin zaɓe, a 2012 Abdoulaye Wade ya faɗi. A Burkina Faso mawaƙi Smockey yana cikin jagororin Balai Citoyen da suka taimaka wajen korar Blaise Compaoré a Oktoban 2014. A Nijar kuwa tun wajen shekarar 2000 ƙungiyoyi irin su Kaidan Gaskia da Lakal Kaney suke gambara da Hausa da Zabarmanci kan rashin aiki da cin hanci.

Masu ja suna da hujja

Akwai masu cewa wannan al'adar Turawa ce, ba ta dace da jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a 1999 ba. Hukuncin kiɗa fage ne na malamai, kuma sun daɗe suna da maganganu a kai. Amma faɗa wa mai mulki gaskiya cikin baiti ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, kuma da waƙoƙin Fulatanci da Hausa shi da jama'arsa suka isar da saƙo ga waɗanda ba su iya Larabci ba, har da sukar zalunci da harajin da ya wuce kima. A zamanin NEPU, Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu da baiti suka yaƙi danniyar En'e. Gambara ma ana iya yin ta babu ko ganga ɗaya. Abin mamaki kawai shi ne yadda ake jure kiɗan ɗan takara a lasifika tun safe har dare, amma sai yaron talaka ya ce uffan a kan yunwa a tuna cewa kiɗa yana da hukunci.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: tsoro. A Kano mawaƙi kurkuku yake tsoro. A ƙauyukan Maradun da Bakura abin ya wuce nan, domin wanda za a taɓa yana da waya, yana kallon TikTok, yana da masu kai masa rahoto a cikin gari. Baki shi ke yanka wuya, kuma a nan ba karin magana ba ce kawai. Babu mai hankalin da zai zauna a Abuja ko Kaduna ya zuga ɗan shekara 19 a Jangebe ya ambaci sunan wani kachalla a waƙa. Kolombiya ta nuna kuɗin da ake biya.

Sai dai ba sai an kira sunan mai bindiga ba. Akwai abubuwa da yawa da ba a taɓa rerawa ba. Sunayen ƙauyukan da suka zama kufai. Yadda ake karo-karo gida-gida, har da bazawara da almajiri, a haɗa kuɗin da aka yanka wa gari. Yadda babur sabo da katin waya da buhun shinkafa suka shiga lissafin fansa. Yarinyar da ta dawo daga daji ba ta sake komawa aji ba, aka yi mata aure. Direban da ke karanta duk addu'ar da ya sani daga Gusau zuwa Mafara. Da kuma tambayoyin da tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa damar yi wa wanda ya zaɓa. Waɗannan ba ɗan bindiga suke tsokana ba. Idan sun ɓata wa wani rai, mai riƙe da muƙami ne, shi kuwa an san ofishinsa, kuma akwai kotu. A tuna cewa a Oktoban 2022 gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu kafafen yaɗa labarai, har da NTA ta Gusau, saboda sun ɗauki taron 'yan adawa, sai da aka yi ca a kanta sannan ta janye. Surutun jama'a yana aiki a kan gwamnati.

Hujja ta uku ba a cika faɗinta ba, alhali ita ce mafi haɗari. Waƙar koke tana iya rikiɗewa ta zama gangar yaƙi. Rikicin Zamfara ya riga ya raba Bahaushe da Bafulatani a wurare da dama. 'Yan bindiga sun ƙona ƙauyuka, 'yan sa-kai kuma sun kashe Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba, kuma makiyayin da bai ɗauki bindiga ba shi ma an kore masa shanu, an sace masa 'ya'ya. Yaron da aka kashe wa uba, idan ya riƙe makirfo, abu mafi sauƙi a gare shi shi ne ya la'anci ƙabila sukutum. Irin wannan waƙa za ta fi kowace saurin bazuwa, kuma jini za ta jawo. A Ruwanda, kotun duniya ta yanke wa shahararren mawaƙi Simon Bikindi ɗaurin shekara 15 a 2008 saboda tunzura jama'a lokacin kisan ƙare dangi. Abin da ya ba samarin Medelin daraja shi ne sun ƙi zama mawaƙan kowane ɓangare, sun ƙirga gawar kowa. Duk wanda zai yi wa Zamfara gambara, in bai iya sa kukan ruga da kukan ƙauye a baiti ɗaya ba, gara ya ci gaba da waƙar soyayya.

Su ma mawaƙan da nasu

Ba duka laifin ke kan hukuma da dattawa ba. Gambarar Hausa ta yi ƙarfi a shekarun nan. ClassiQ da Morell da DJ AB da Deezell da BOC Madaki sun kai harshen inda bai taɓa zuwa ba, wasunsu kuma sun taɓo matsalolin Arewa a baitocinsu. Amma ƙananan da ke tasowa da yawansu abin da suka ɗauka shi ne kurari: na fi wane, motata, budurwata, maƙiyana. Wasu kuma da zarar sun fara suna sai su bi layin da kowa ke bi, su nemi ɗan siyasar da zai saya musu mota. Daga nan an koma gidan jiya, an samu makaɗin fada mai hular sanyi da sarƙa a wuya.

Ba a zarginsu da neman abinci. Mawaƙi ma yana da cefane. Shi ya sa maganar ba ta tsaya kan jarumtar mutum ɗaya ba. A Bogota hukumar birni ce da kanta take ɗaukar nauyin bikin hip-hop na kyauta a dandali tun 1996, ana hawa a soki gwamnatin da ta kafa dandamalin. Babu mai tsammanin haka a Gusau gobe. Amma Talata Mafara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, tana da jami'ar jiha, Bakura tana da kwalejinta. Kowace tana da zaure da lasifika da ɗaruruwan matasan da suka fito daga garuruwan da abin ya shafa. Gasar baiti sau ɗaya a zango, ko da babu kiɗa, ba ta fi ƙarfin ƙungiyar ɗalibai ba. Gidajen rediyo masu zaman kansu da ke sayar wa 'yan siyasa awa guda suna iya ba da minti goma sha biyar a mako. Lauyoyin da ke kare 'yan jarida kyauta suna iya sanar da cewa mawaƙin da aka kama kan baitinsa shi ma nasu ne. Manyan mawaƙan da ke zaune a Kaduna da Abuja da Legas, inda hannun daji ba ya kai wa, suna iya karɓar labari daga yaran yankin su rera abin da su yaran ba za su iya rerawa da sunansu ba.

Zaɓen 2027 yana ƙaratowa. Situdiyoyin Kano da Kaduna da Gusau za su cika da wakilan 'yan takara, kowa da takardar kirarin ubangidansa da jerin sunayen waɗanda za a yi wa habaici. Cikin yaran da za su kwana suna haɗa wannan kiɗa akwai 'yan Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda suka san nawa aka biya kafin a sako yayarsu, suka san gonar wa ta shekara uku ba a shiga ba. Kwamfutar da za su yi wa ɗan takara aiki da ita tana nan a gabansu bayan ya tafi, kuma mai tura waƙa na kasuwar Talata ba ya tambayar wa ya ɗauki nauyin waƙa kafin ya sa ta a memori.